Baba Kambai da Hayaƙin Cikin Rijiya

A da, tun kafin masu ƙosai su hura wuta za ka ga Baba Kambai a bakin wata rijiya a Kafanchan, igiya a kafaɗa, yana zura fitila ƙasa. In ta mutu, babu iska a ƙasa, ba shiga. In tana ci, ya yi addu'a ya sauka. Mu 'yan unguwa ba ma barin sa: "Baba, gafiya ma tana hutawa ran Lahadi!" Ya ce, "Ruwan da ka wanke wannan dogon bakin da shi, wa ya tono maka?"

Bara abin ya faru. Clinton da Jamiluddeen, samari masu yasar rijiya, tiyonsu ya gaza kaiwa ga ruwan, sai suka ɗaure injin jan ruwa suka zura shi ciki, yana ta tuƙa hayaƙi. Suka bi shi. Shiru. Aka jawo injin, aka ruga kiran Baba. Ya zura fitila, tana ci lafiya lau. Ashe hayaƙin inji bai damu da fitila ba, mutum yake nema. Baba ya sauka, ya ɗaure Clinton aka ja, ya ɗaure Jamilu aka ja. Shi kansa kamar buhun citta aka fito da shi. Clinton ya farfaɗo. Jamilu bai tashi ba.

Likita ya ce gubar ta taɓa zuciyar Baba, ba ta komawa daidai. Yanzu daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya zauna yana haki. Ƙafa ta kumbura, takalmin coci ba ya shiga. Ko tsokana na kawo, bakina sai ya mutu.

Kai ne ka shayar da rabin garin nan, Baba. Kai ne ka sauka ranar da duk muka tsaya leƙe, waya a hannu.

Shekaranjiya ya ji ƙarar inji daga rijiyar maƙwabta. Ya lallaɓa ya je. Clinton ne. Baba ya buɗe baki zai yi tsawa, numfashi ya ƙi zuwa. Clinton ya sunkuyar da kai: "Baba, tiyo bai kai ba. To me zan ci?"

Mun gode, Baba Kambai, ko da godiyar ba ta gyara zuciya. Ku kuma, don Allah, duk wanda ya ga inji a cikin rijiya ya ɗaga murya. Ta Baba ta ƙare.