Yadda Kawu Iro Ya Auna Habu

Duk wanda ya san Kawu Iro a unguwar Nasim, can ƙasar Larabawa, ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya matsa masa kafaɗa, kamar yadda yake wa ragunan da yake sayo wa kafil ɗinsa, Balaraben da yake zaune a ƙarƙashinsa. Ya matsa, ya taɓe baki, ya ce, "Ruwa ne, ba nama ba." Ni ɗan ƙanwarsa ne, ɗakinmu ɗaya, don haka kafaɗata ta ga ta kanta.

Ɗansa Habu yana jami'a a Amurka, yana buga ƙwallon nan tasu ta masu hular kwano. Ƙato ne, aikinsa ya fasa layin abokan karawa ya kayar da mai jefa ƙwallo. Da lokacin da manyan ƙungiyoyi ke zaɓar 'yan wasa ya matso, Habu ya ce ba zai ba da sunansa ba sai babansa ya amince. Kawu ya ce sai ya auna shi tukuna. Nan wahalata ta fara, don ni ne mai riƙe waya.

Na kunna masa wasan Habu bayan la'asar. Ya kalla har ƙarshe.

"Sani, ina ƙwallon?"

"Kawu, shi ba ya riƙe ta."

"Duk shekarun nan ba su taɓa ba shi ba? Ashe ba su yarda da shi ba."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce, "Halas, shi ke nan, na gane. Ɗan banga na tura Amurka."

Washegari Habu ya kira ta bidiyo. Kawu ya sa shi ya juya baya, ya tsuguna, ya miƙe, ya sake tsugunawa.

"Buɗe baki."

"Baba, ba sa duba haƙora fa."

"Shi ya sa ake cutarsu."

Ya ce ƙirji ya yi, ƙafa da saura, ya kira gobe. Goben ya ce wuya ya yi gajere. Jibi kuma ya ga inda Habu ya maka wani da ƙasa ya tashi yana bugun ƙirji. "Ka kayar da ɗan mutane, ko sannu babu? Haka na koya maka? Kira gobe."

Wallahi na gaji. Ranar rufe karɓar suna tana ƙaratowa, yaro yana can hankalinsa a tashe. A kasuwar Utaika, wajen masu dabino, na fito masa fili: "Kawu, don girman Allah ka ce e ko a'a, rayuwar yaron nan ce!" Ya miƙo mini dabino, ya ce in ɗanɗana.

A makon nan ciwo ya kwantar da shi. A asibiti ya yafuto ni, muryarsa da ƙyar take fita.

"Ka ce masa ya ba da sunan. Zai iya, tun ranar farko na gani."

"To me ya sa ka wahalar da mu, Kawu?"

"Da sai ranar Juma'a yake kirana. Yanzu kullum ne."

Haushina ya mutu a nan. Na kira Habu, na kara masa wayar a kunne, na fita waje na ba su wuri.

Allah Ya jiƙan Kawu Iro, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa kullum addu'ar ɗansa tana isa gare shi. Amin.