Daddawar Indunusiya da Alhamis Hamsin da Biyu

Abin da na sa a cinikin nan Alhamis hamsin da biyu ne, na shekara guda cur, kuma da bakina na sa su, ba wanda ya matsa mini. A wurin wani wannan ba komai ba ne. Amma ni ba na shan taba, ba na kallon ƙwallo, ba na zuwa bakin teku kamun kifi. Satina duk yana ƙarewa tsakanin sitona na unguwar Hindawiyya da tashar jiragen ruwa. Tsofaffin firij nake saye, da na'urar sanyaya ɗaki wadda a nan Jidda muke kira mukayyif, a gyara, a loda a kwantena, a tura Kano. Abu ɗaya na ware wa raina: ranar Alhamis bayan magariba in rufe sito, in wanke hannu, in tafi gidan abinci ni kaɗai.

Jidda kuwa ba ta gajiyar da mai irin wannan hali. Na fara da shinkafar Bukhari kamar kowa. Na koma wurin 'yan Pakistan, inda gurasa take fin faranti girma. Na je wurin 'yan Filifin aka kawo mini miya mai tsami, na mayar na ce ta lalace, aka dawo mini da ita an ƙara tsamin. A wurin 'yan Sin aka ajiye mini tsinke biyu, na ce wa mai kawo abincin ya taimake ni da cokali, ba zan koma makaranta da furfura saboda taliya ba. Daga ƙarshe na tare a wani ƙaramin wuri na 'yan Indunusiya a gefen unguwar Bagdadiyya, tebur shida, da wani tsohon kuku mai soya shinkafa kamar yana faɗa da kaskon.

Da ci kawai nake yi in yi shiru, da har yau ina zuwa. Laifina shi ne in na dawo gida sai in buɗe aji.

"Hajiya, kin san mutanen Asiya ba sa kashe kabeji da dahuwa? Wuta sosai, minti biyu, a sauke."

"Allah Sarki," in ji matata.

Wani satin kuma: "Hajiya, shinkafar nan ta yi laushi. A can kowace ƙwaya tsaye take da ƙafarta."

"To, in ka koma ka gaishe ta."

Shekara ashirin da biyu matar nan tana ba ni abinci, ni kuwa ko ƙwai ban taɓa dafawa ba. Ranar da abin ya ƙare mata, tuwo ta yi da miyar kuka, irin wanda ake ci a yi shiru. Na kai loma biyu, na ce da an ɗan matsa lemon tsami a kai, kamar yadda suke yi a can, da ya fi tashi. Ta ajiye ludayi a hankali.

"Alhaji, a ina ake ajiye ashana a kicin ɗin gidan nan?"

Na ce a saman firij, don ko'ina a nan ake ajiyewa. 'Yarmu, wadda aka haifa a nan, Hausarta ma rabi Larabci ce, ta ce, "Baba, murhunmu ba ya son ashana. Murɗawa ake yi, halas, shi ke nan."

Nan Hajiya ta kawo tayinta. Juma'a mai zuwa ni zan shiga kicin in dafa abincin Asiyan da nake wa'azi a kansa. Mutum huɗu za su ci: ni, ita, yarinya, da yayan Hajiyar da yake aikin asibiti a nan, wanda zai zama shaida. In tukunya ta ƙare, Alhamis ɗina nawa ne har abada, kuma za ta riƙa sauraron shawarata da kunne biyu. In aka rage ko da faranti ɗaya ne, shekara guda ba ni ba gidan abinci. Na tambaya ko wannan ba caca ba ce. Ta ce ciniki ne, ai na fi ta sanin ciniki. Na ce na saya.

Washegari da rana na bar sito na tafi wurin tsohon kukun. Larabcin kasuwa muke yi da shi, nasa a karye, nawa a gurguje, amma muna fahimtar juna. Na gaya masa gaskiya, na ce rayuwata ta Alhamis tana hannunsa. Ya goge hannu ya ba ni shawara uku. Ta farko, a dafa shinkafa tun jiya, ta kwana a firij. Ta biyu, kada a cika kasko, faranti biyu-biyu ake soyawa. Kafin ta uku sai ya buɗe wani gwangwani ya ciro wani baƙin dunƙule a naɗe cikin leda uku. Da ya kwance ledar farko na ja kujerata baya. Ya ce sunansa terasi, da ƙananan jatan lande ake yi, a sa gishiri a bar su su ruɓa. Na ce ai na gane, daddawarku ce. Ya ce shi ne ran abincin.

"Nawa ake sawa?"

Ya nuna mini kan ɗan yatsansa. "Kamar ƙwayar gyaɗa, ya hajj. Kada ka wuce."

Na yi godiya, na fito ina murmushi. Shekara ashirin da biyar ina ciniki, ban taɓa ganin mutumin da ya faɗi adadi na gaskiya a karon farko ba. Mai sayarwa ɗagawa yake yi, mai saye saukewa. Wanda aka tambaya sirrin sana'arsa kuwa ragewa zai yi, don kada naka ya kamo nasa. Ban ga laifinsa ba, ni ma ban taɓa gaya wa kowa inda nake samo kayana ba. Sai na yi abin da nake yi kafin in sayi kowane firij: na je na ji bakin wani. A wani gidan abincin, kukunsu ya ce kamar rabin dabino. Na ce a raina, ka gani, tambaya biyu kawai abu ya ninka sau huɗu. Na uku shi ne mai kantin da yake sayar da kayan miyar 'yan Asiya. Shi ya ɗaga kafaɗa ya ce ya danganta da mutum. A sana'armu in aka ce maka haka, to akwai sauran fili da yawa. Na sayi dunƙule biyu, kowanne kamar sabulun wanka, don biyu sun fi araha.

Sauran shawarwarin ma na tace su. Kayan da ya kwana a kasuwa sunansa kwantai, ni kuwa ba zan sa wa yayan matata kwantai a gaba ba, sabuwa zan dafa. Maganar faranti biyu-biyu kuma lissafin mai sayar da ɗai-ɗai ne. Ni ɗan sari ne, a tashi ɗaya zan yi.

Ranar Juma'a muka dawo daga masallaci tare da Yaya. Mutum ne mai kunya da ladabi, bai taɓa ce wa abincin kowa komai ba sai madalla. Ana tsakiyar zafi, tagogi duk a rufe. Ya kamata in faɗi cewa gidan dillalin mukayyif ba ya rasa mukayyif. Ɗaki huɗu gare mu, na'ura biyar, har kicin na sa ɗaya, kuma duk a kunne suke.

Na murɗa murhu, ya kama, na ji daɗi. Na zuba mai, albasa, tafarnuwa, attaruhu. Har nan ƙamshi ne, har Hajiya ta leƙo, na ga damuwa a fuskarta. Sai na kwance dunƙule guda, na dube shi, na tuna gyaɗa, na tuna dabino, na jefa shi gaba ɗaya cikin man.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai ji ba. Na taɓa buɗe firij ɗin da aka manta da kifi a ciki wata biyu a sito. Wancan firij ɗin turare ne. Abin ya tashi daga kasko ya dake ni a goshi, mukayyif ɗin kicin ya karɓa ya miƙa wa na falo, na falo ya raba wa ɗakuna. Yarinya ta fito da littafi a hanci.

"Baba! Esh hada? Mene ne wannan? Wani ya mutu?"

"Koma ciki, haka yake farawa."

Na juye shinkafar da zafinta, tukunya guda, na zuba baƙin ruwan waken soya, na hau juyawa. Ƙwayar da na ce za ta tsaya da ƙafarta ta kwanta, ta rungumi 'yar'uwarta. Cikin minti biyar abin da ke kaskon ya zama tuwon shinkafa, baƙi, mai sheƙi. Ina cikin kokawa da shi aka buga ƙofa. Mai gadin benenmu ne, riƙe da sandar buɗe magudana, ya ce mutanen hawa na uku sun kira shi, wai bututun bayan gida ya fashe a wajenmu. Na ce girki nake yi. Ya leƙa ta kafaɗata ya hango Hajiya zaune a falo, ta kunna turaren wuta a kasko biyu, ta ja mayafi har ido. Ya yi mata addu'ar samun haƙuri ya tafi.

Na jera faranti huɗu, na ɗora wa kowa soyayyen ƙwai a sama kamar yadda na ga ana yi. Ƙwan ya yi kyau, wannan kowa ya shaida. Yaya ya yi bismilla, ya ɗauki cokali, ya sake yin bismilla. Ya kai na farko. Idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, ya ka ji?"

"Madalla," in ji shi. Ya sha ruwa kofi guda. "Akwai ƙarfi."

"Ƙara mana, gida ne."

"Alhaji, ai irin wannan ba a yi masa gaggawa."

Ya kai na biyu da na uku saboda zumunci. Daga nan ya ɗauki wayarsa, wadda ba wanda ya ji ta yi ƙara, ya ce asibiti ne, ya fita baranda cikin ranar nan ya tsaya yana amsa kiran. Yarinya ta cinye ƙwanta ta ce ta ƙoshi. Hajiya ta ɗanɗana cokali ɗaya, tsakani da Allah, ta tauna, ta haɗiye, ta ce, "Da an ɗan matsa lemon tsami."

Saura ni da tukunya. Na lissafa, in na ci faranti tara na tsira. Na ci ɗaya don Alhamis, na ci na biyu don mutunci. A tsakiyar na uku cikina ya aiko da saƙo cewa shi ba a yi shawara da shi ba lokacin da aka ƙulla cinikin. Na ajiye cokali. Amma dillali ba ya tashi bai taya ba.

"Hajiya, a duba zumunci. Alhamis talatin."

"Albarka."

"Arba'in, kuma ni zan wanke tukunya."

"Tukunyar nan ba mai wanke ta, jefarwa za a yi. Albarka."

"To a cire na watan azumi."

"Dama kana fita da azumi ne?"

"Ba na fita. Amma a cire."

Ta yi dariya har mayafin ya zame. "Na sallama."

Haka na sauko da shi zuwa arba'in da takwas. Na san ban rage komai ba, amma ban taɓa sayen abu a farashin farko ba, kuma ba zan fara a gidana ba.

Ranar Talata da rana na biya ta wurin tsohon kukun, ba don in ci ba, don in sanar da shi ya daina ajiye mini tebur. Da na gaya masa yawan abin da na sa, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya ce dunƙule guda yana yi masa sati uku, shi da yake ciyar da jama'a. Na tambaye shi don me ya gaya mini gaskiya tun a karon farko. Ya ce, "Ya hajj, to me zan gaya maka?" Na ba shi ɗaya dunƙulen kyauta.

Don haka wanda yake son dafa abincin mutanen nan a gida, ga abin da na saya da tsada ina ba shi kyauta. Shinkafa ta kwana, ba abin kunya ba ne. Wuta sosai, kaɗan-kaɗan. A buɗe taga, a kashe mukayyif. In kuku ya ce ƙwayar gyaɗa, to ƙwayar gyaɗa yake nufi, kuma ƙaramar.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na yi asarar Alhamis arba'in da takwas, da tukunya ɗaya, da labulen falo. Yaya ya yi wata biyu sai dai mu gaisa a masallaci. Mukayyif huɗu sun warke bayan wanki, amma na kicin duk sanda aka kunna sai ya tuna, don haka na cire shi na sa a kwantena, na rubuta wa mai karɓar kayana a Kano cewa ya karya kuɗinsa, kuma ya gaya wa mai saye gaskiya. A ɓangaren riba, wandona ya daina matse ni, kuma yanzu na iya soya ƙwai. Ko ta ina na juya shi, faɗuwa na yi.