Takardar Da Romawa Shida Suka Sa Wa Hannu

Wata rana, wani dattijo da ban taɓa gani ba ya yi mini wata tambaya a ofishin firinsifal. Yau shekara tara ke nan, kuma har yanzu ban manta da ita ba.

Bari in faro muku daga tushe.

Ni malamar tarihi ce. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Bauchi. Kada ma ku tambaye ni sunanta a ƙasa, ba zan faɗa ba.

Duk wanda ya san ni ya san ina da rawar kai a kan aiki. Na tsani in ga yara na gyangyaɗi a ajina. Da muka iso kan Romawa da yaƙe-yaƙensu da ƙabilun Jamus da na Kelt, sai na ce wa 'yan aji shida wannan darasi ya fi ƙarfin allo, wasan kwaikwayo za mu yi da shi ranar rabon kyaututtuka.

Na ja layi a tsakiyar allo.

A dama na rubuta Romawa. Birni, hanyoyi shimfiɗaɗɗu da dutse, doka a rubuce, soja mai horo da ke tafiya sahu-sahu, garkuwa na taɓa garkuwa, ba mai fita layi sai da umarni.

A hagu na rubuta mutanen daji. Dogaye, gashi buzu-buzu, kowace ƙabila da shugabanta. In yaƙi ya zo sai su auka da ihu, kowa na son a ce shi ne jarumi.

Na ce musu Romawa na kiran waɗannan ƙabilu da wata kalma da suka aro wurin Girkawa, wai don in suna magana ba abin da kunne ke ji sai "bar-bar-bar".

Wata daga baya ta ce, "Malama, da Hausa fa?"

Ni da bakina, ba wanda ya matsa mini, na ce, "Baubayi."

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuma har da jin daɗi, wai darasi ya shiga.

Sai rabon matsayi.

Romawa suna da dogayen jawabai, don haka na zaɓi masu zaƙin baki, 'yan cikin gari. Ƙabilun daji kuwa ba su da jawabi ko ɗaya a wasan da na rubuta, ihu kawai za su yi su faɗi matattu. Sai na tura musu yaran da suka fito daga ƙauyukan bayan dutse, waɗanda Hausa ba ita ce ta farko a bakinsu ba.

Wallahi ban yi da wata manufa ba. Sauƙi na nema.

Matsayin shugabar mutanen daji na ba wata yarinya mai suna Kyauta. Doguwa ce, ba ta da hayaniya, kuma ita ke zuwa ta ɗaya a tarihi tun aji huɗu. Ta dube ni jim kaɗan, ta karɓi mashin karan da na miƙa mata.

Jama'a, magana zarar bunu ce.

Kafin mako biyu, kalmar ta bar aji ta shiga ɗakin kwana, ta shiga ɗakin cin abinci. Na ji ta da kunnena sau biyu a kan hanya. Na yi murmushi na wuce, na ce yara ne, wasa suke yi.

Ranar wata Talata da hantsi, ina ɗakin malamai, sai ga ihu daga wajen famfo.

Na fito da gudu. Na tarar da wata Ikilima zaune a ƙasa, jini na zuba daga girarta har ya ɓata farar rigarta. Kyauta na tsaye riƙe da bokitin ƙarfe, jikinta sharkaf da ruwa, tana haki.

Ɗinki huɗu aka yi wa Ikilima.

Uban Ikilima babban mutum ne a gari. Kafin la'asar ya kira firinsifal sau uku.

Dokar makaranta kuwa ba ta da kwana: wadda ta fitar wa wata jini, kora. Ga shi saura mako uku a fara jarrabawar kammala sakandare. In aka kori Kyauta, shekara shida sun tafi a banza, don ba makarantar da za ta ɗauke ta a wannan ƙurarren lokaci.

Firinsifal, Hajiya Gaji, ta sa shugabannin ɗalibai da ke wurin su rubuta abin da ya faru. Su shida suka rubuta, suka sa hannu. Aka aika ƙauye a kira uban Kyauta, aka sa ranar Alhamis kwamitin ladabtarwa zai zauna.

Ina cikin kwamitin.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na shiga ofishin nan da niyyar in kama bakina. Ban cika shekara biyu da samun aikin ba, ba a ma tabbatar da ni ba. Na san in aka tono inda kalmar ta fito, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce a raina, ke Baraka, sa hannu ki fita, ba ke kika ɗaga bokiti ba.

Ƙarfe goma dattijon, uban Kyauta, ya iso. Siriri, riga shuɗiya da ta sha wanki, hannayensa duk tabon wuta. Daga baya na ji maƙeri ne. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa duk da an ce ya bar su. Aka ba shi kujera, ya zauna a bakin-bakinta.

Kyauta na tsaye jikin bango, kanta a ƙasa. An riga an sa ta haɗa akwatinta, yana nan a baranda.

Hajiya Gaji ta karanta takardar, tana juya masa da Hausa. Wai Kyauta ta zo famfo ta ƙi bin layi. Wai an yi mata magana cikin lalama, ta hau zagi da yarensu. Wai ba wanda ya taɓa ta, kawai ta ɗaga bokiti.

Ta ajiye takardar, ta tura masa takardar kora da biro.

"Baba, ga inda za ka sa hannu. Ko ka dangwala."

Bai taɓa biron ba.

Ya ce, da Hausarsa mai ɗan karkata, "Ranki ya daɗe, da na iso na gan ta a baranda, na ce me ya faru. Magana ɗaya ta faɗa mini, sai kuka. Ta ce an raɗa mata suna a aji. Ina son in ga malamar da ta yi raɗin sunan."

 

Malamai uku suka juyo suka dube ni. 

Na ce, "Ni ce, Baba. Amma darasi ne, ba da ita nake ba."

Ya ce, "To koya mini darasin, 'yata. Ban yi boko ba, amma ina da kunne."

Hajiya Gaji ta duba agogo. Ni kuwa na fara zuba. Na ce Romawa mutanen birni ne masu doka da tsari. Na ce waɗancan ƙabilu ne na daji, ba su da birane irin na Roma, ba su da haƙurin tsayawa a sahu, an ce akwai su da shaye-shaye da saurin fushi.

Ya ɗaga hannu, na tsaya.

"An ce. Wa ya ce?"

"Haka yake a littattafan tarihi, Baba."

"Su mutanen dajin, me suka faɗa a kan kansu?"

"Ba su bar mana labarinsu a rubuce ba. Nasu a ka suke riƙewa."

"To wa ya rubuta?"

"Yawanci Romawa."

"Waɗanda suka yaƙe su?"

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa yatsa ya ɗora a kan takardar shaidun nan shida.

"Wannan fa, wa ya rubuta?"

Innalillahi.

Na jawo takardar na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ban buƙaci kowa ya gaya mini ba, ni na raba matsayin da hannuna. Su shidan duka Romawa ne.

Hajiya Gaji ta ce, "Malama Baraka, lafiya?"

Nan fa aka zo wurin. In na yi shiru, ba wanda zai gane, don ba wanda ya san rabon wasan sai ni da yaran. In na yi magana, takardar da za a rubuta ta gaba da sunana za ta fara.

Na dubi Kyauta. Ba ta ko kalle ni ba. Ta riga ta cire rai da ni, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na miƙe tsaye.

Na ce, "Hajiya, kada a sa hannu tukuna. Duk waɗanda suka rubuta wannan ɓangare ɗaya ne. Ni na raba yaran nan gida biyu, ni na ba su kalmar, na ji ana kiransu da ita na yi shiru. Kuma tun ranar Talata ba wanda ya tambayi yarinyar nan abin da ya faru. Har da ni."

Fuskar Hajiya ta canza. Ta ce, "Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Na ce na sani.

 Sannan ta juya ta ce, "Kyauta, matso. Faɗi naki."

Kyauta ta matso. Ta ce kwana goma ke nan an kafa doka a famfo: Romawa su fara ɗiba, baubayi su jira. Haka a ɗakin cin abinci. In ɗayansu ta buɗe baki, sai a haɗa baki ana "bar-bar-bar" har ta yi shiru. Ranar Talata ta riga kowa zuwa, ta cika bokitinta. Ikilima ta ce ta zubar ta koma baya. Ta ƙi. Aka riƙe ta mutum biyu, aka juye mata ruwan a ka, ana cewa a wanke dauɗar daji.

"Sai na fizge bokitin, Hajiya. Na buge ta. Wannan kam na yi."

Aka aika a kira yara huɗu daga ɓangaren da ba a tambaya ba, aka shigo da su ɗaya-ɗaya. Bakinsu ya zo ɗaya. Ta ƙarshe har ta nuna inda aka yaga mata hijabi a layin abinci.

Dattijon ya saurara har aka gama. Sannan ya ce, "Ban ce 'yata ba ta da laifi ba. Ta zubar da jini, a hukunta ta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Hajiya Gaji ta ɗauki takardar korar, ta ninke ta, ta jefa a aljihun tebur. Wayarta ta hau ruri, sunan uban Ikilima a jiki. Ta kife ta.

Aka yanke wa Kyauta sharar harabar makaranta ta mako biyu da ba Ikilima haƙuri a gaban taro. Shugabannin ɗalibai shida aka sauke su. Aka soke wasan. Ni kuma na karɓi takardar gargaɗi, aka ɗaga tabbatar da ni da shekara guda. Ban yi gardama ba, na san na ci arha.

Na bi dattijon har bakin ƙofar makaranta, na durƙusa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tashi, 'yata. Ba ni kika yi wa ba."

Na je na sami Kyauta tana mayar da akwatinta ɗaki. Na ba ta haƙuri, ina hawaye kamar ba malama ba. Ta ce, "Ba komai, Malama."

Ta zauna jarrabawa, ta fito da sakamako mai kyau, tarihi ma ta fi kowa. Na yi ta murna, na ce to Alhamdulillahi, an wuce wurin.

Ranar da ta zo karɓar sakamako na tare ta na ce, "Tarihi za ki karanta a jami'a, ko? Zan rubuta miki takardar shaida da hannuna."

Ta ce, "A'a, Malama. Na gode. Na daina son tarihi."

Ta gaishe ni da ladabi, ta juya ta tafi. Ban sake ganinta ba.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci da labarin da aka ba ka, tambayi wa ya ba da labarin, kuma me ke tsakaninsu. Wanda ke riƙe da biro ba lalle shi ke da gaskiya ba. Ku kuma iyaye da malamai, ku kiyayi sunan da kuke liƙa wa yaro don a yi dariya. Kuna iya ba da haƙuri a yafe muku, amma abin da ya karye a ransa ba lalle ya ɗoru ba.

In ka san wani malami, ko wani mai zaman sulhu, ko wanda ake kai wa ƙara a gida ko a wurin aiki, tura masa wannan. Wataƙila akwai wata Kyauta da ke tsaye jikin bango yanzu haka, ba wanda ya ce mata faɗi naki.