Jan Fentin Yaya Sammani

Duk wanda ya yi sakandare a Katsina zamanin mulkin soja ya san aikin Yaya Sammani, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai zana ƙwayar halitta a bangon makarantu: ƙatuwar da'ira kamar faifai, da jan ƙwallo a tsakiya, da kibiyoyi masu nuna sunayen Turanci. Ni ƙanwarsa ce, Mairama, uwa ɗaya uba ɗaya. Na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma har yau in na wuce ɗaya daga cikin bangwayen nan sai raina ya ɓaci.

Asalin sana'arsa fentin motoci. Yana da rumfa kusa da Ƙofar Guga, inda direbobin gingimari ke kawo masa mota ya rubuta addu'a a goshi, ya zana dawisu ko zaki a baya. Mutum ne mai sanyin hali da taurin kai, irin taurin kan da ba ya ɗaga murya. Dokarsa guda ce: ba ya zana abin da bai gani da idonsa ba. Ya taɓa hawa mota har Kano don kawai ya ga zaki a gidan zu, da ya dawo ya bi motocin da ya riga ya zana yana gyara musu wutsiya. Muka yi ta yi masa dariya a gida. Na ce masa, "Yaya, zakin ne ya kawo ƙara?" Ko kallona bai yi ba.

Wanda ya sa shi karya dokar nan shi ne Malam Ja'afaru, malamin bayoloji a wata makarantar 'yan mata da ba zan kira sunanta ba. Ya zo rumfar da wani tsohon littafi duk ya yage. Littattafai ba sa isar ɗalibai, shi ya sa yake so a zana masa hoton a bango, inda kowace yarinya za ta gani kullum. Ina wurin ranar, na kai wa Yaya fura.

Yaya ya juya littafin sama, ya juya ƙasa. "Malam, mi ne ne wanga? Ƙwai ne?"

"Ƙwayar halitta ce, Malam Sammani. Da ita aka gina ka, aka gina ni. Da ita aka gina albasa da akuya da dogonyaron can. Ido ba ya ganin ta sai da madubin likita."

"Ni da albasa?"

"Kai da albasa."

Malam Ja'afaru ya zauna a kan benci ya yi masa bayani a hankali, kamar yana cikin aji. Ya ce kowace ƙwaya, ko ta mutum, ko ta ganye, ko ta cutar da ke sa zawo, ba ta rasa wasu abubuwa. Tana da tantanin da ya kewaye ta, shi ke barin wani abu ya shiga ya hana wani. Tana da ruwa mai yauƙi a ciki. Tana da zaren gado, wanda ke ɗauke da kamannin iyaye, a irin tamu da ta albasa yana ƙunshe a cikin cibiya. Sannan akwai 'yan mitsi-mitsin ɗigo masu ƙera abin gina jiki. Yaya ya sa yatsa ya bi layin da ya kewaye hoton.

"Wato ganuwa ce da ƙofofinta."

"To, ka gane."

"Ban gane ba, tunda ban gani ba. Kuma littahin nan baƙi da hwari ne. Wace kala zan sa ma cibiyar?"

Malam Ja'afaru ya yi dariya. Ya ce madubin makarantarsu ya yi fumfuna tun wata damina, an rubuta a kawo sabo. "Sa duk wadda ka ga dama. Ran da madubi ya zo, ka kawo albasarka, in nuna maka da hannuna. In ka gani sai ka gyara."

Akwai ragowar jan fenti na wata mota a gwangwani. Shi Yaya ya sa.

Zanen ya yi kyau, ban taɓa musun wannan ba. Shugabannin wasu makarantu suka gani suka aiko. Cikin 'yan shekaru babu inda jan ƙwallon Yaya bai kai ba, daga cikin gari har Kambarawa, har ƙauyukan da ke kan hanyar Jibiya. Yara suka riƙa kwafa a takardunsu da jan biro. Na taɓa jin wata ma'aikaciyar jinya tana rantsuwa cewa cibiyar ƙwayar halitta ja ce, ai haka take a bangon makarantarsu. Na kawo wa Yaya labarin ina dariya, na zaci zai ji daɗi. Sai ya ajiye cokali, ya ce, "Mairo, wanga ba abin dariya ba ne. Amana ce." Daga ranar na daina tsokanarsa da maganar.

Madubi bai zo ba. Soja ya tafi, wani sojan ya zo, ana ta rubutawa. Duk sallah Malam Ja'afaru zai zo gaisuwa, bayan an gama tambayar iyali da gajiya da sanyi, sai Yaya ya ce, "Ina labarin madubinmu?" Shi kuma ya ce, "Yana hanya." Na ce wa Yaya ya je asibiti mana, ai akwai a ɗakin gwajin jini. Ya je sau ɗaya. Ya tsaya a taga ya hango abin a kan tebur, ga layin mata da yara marasa lafiya suna jira, kunya ta hana shi buɗe baki. Ya dawo ya ce wurin ba na kallo ba ne.

Ana cikin haka idonsa ya fara. Da farko gwangwanin fenti yake turewa da ƙafa, sai ya ɗora laifin a kan wanda ya ajiye. Sannan ya fara karo da mutane a hanya. Da na matsa masa muka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne: abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage kuma a hankali zai bi. Gefe da gefe duk ya rufe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Muka kamo hanyar gida har muka kusa ƙofa. Ya ce, "Ai shi ma madubin ta bututu ake leƙawa. Wanda ya rage ya ishe ni."

Sai aka koma mulkin farar hula a shekarar casa'in da tara. Gari ya cika da fastoci da alkawari. Ba a jima ba aka gina sabon ɗakin kimiyya a makarantar Malam Ja'afaru, aka sa ranar buɗewa. Aka kira Yaya ya sabunta zanen bango, ya kuma rubuta ƙyallen maraba da babban baƙo. Ya yi aikin da hancinsa kusan manne da bango. Ana gobe biki Malam Ja'afaru ya zo gida da kansa, yana haki kamar yaro.

"Sun iso, Malam Sammani! Na gan su da idona, sababbi dal, an jera su bisa tebur. Gobe da baƙo ya tahi ka shigo."

Yaya ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya zaɓi albasa a kwandon matarsa Hajara, ya fi minti nawa yana juya su kamar mai zaɓen ragon layya, ya jefa ɗaya a aljihu. Ya kuma ɗauki ƙananan gwangwanaye na kala daban-daban a jaka, wai in ya gani zai gyara bangon nan take. Ni na riƙe masa hannu saboda cunkoso.

Tun hantsi muke ƙarƙashin dogonyaro. An ce ba mai shiga kafin baƙo. 'Yan mata suna tsaye a rana da fararen hijabai, wata ma ta faɗi aka ɗauke ta. Baƙo bai iso ba sai bayan la'asar, da jiniya da maroƙa da 'yan banga. Aka yi jawabai. Aka ce zamanin danniya ya wuce, yanzu ɗan talaka zai ga abin da ɗan mai kuɗi ke gani. Aka yanke zaren da aka tare ƙofar ɗakin da shi. Ta taga na hango baƙon ya sunkuya a kan madubi ɗaya don a ɗauki hoto, babu komai a ƙarƙashinsa, ko murfin bakin bututun ba a cire ba. Ya ɗago ya ce, "Ma sha Allah!" Aka yi tafi.

Motocinsu na fita, na ja Yaya muka nufi ƙofar ɗakin. Kafin mu kai, wata a-kori-kura ta yi baya-baya ta tsaya a bakin ƙofar. Wasu mutane suka shiga suka fara mayar da madubai cikin akwatunansu. Malam Ja'afaru ya fito da ɗan gilashi da reza a hannu, ya tsaya sororo.

"Ina za ku kai su?"

Babbansu, wani mai hular dara, ya ce, "Aro ne, Malam. Gobe akwai buɗe wani ɗakin a wani gari. Naku na nan tahe."

Ashe madubai guda ne ake yawo da su daga biki zuwa biki. Malam Ja'afaru bai sani ba, wallahi na ga fuskarsa. Ya riƙe hannun mutumin, ya ce, "Don Allah guda ɗaya, ɗan lokaci kaɗan. Dattijon ga ya daɗe yana jira, idonshi na tahiya."

Mutumin ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya dubi jakar gwangwanaye. "Sun riga sun shiga akwati. In wani abu ya hwashe, wa za a kama? Baba, ka yi haƙuri, wata rana."

Ni ban yi haƙuri ba. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa namiji a bainar jama'a ba, na haɗa da baƙon da masu tafin. Ya yi kamar da bango nake magana, ya rufe bayan mota. Yaya ne ya ja mayafina. "Mairo, bari. Mu tahi gida." Albasar tana hannunsa, ya matse ta har ɓawon ya ruguje.

Malam Ja'afaru ya yi surutu a kan maganar a inda bai kamata ba, aka mayar da shi wata makaranta can bakin iyaka. Ɗakin kimiyya ya zama wurin ajiye karyayyun kujeru. Yaya kuma bututunsa ya yi ta ƙanƙancewa. Ya bar rumfa, ya koma zaure, yana gane mutane da murya. Gwangwanayen suna ƙarƙashin gadonsa, ya hana a zubar.

Bayan shekaru, wata safiya muka ji sallama. Malam Ja'afaru ne, ya yi ritaya, gemu duk fari, rungume da akwatin katako. Wata tsohuwar ɗalibarsa, Khadijat, ta buɗe ɗakin gwaji nata na kanta, ita ta ba shi aro. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi wa juna gaisuwar waɗanda suka rasu. Wannan karon Yaya bai tambayi labarin madubi ba. Malam Ja'afaru ne ya ce, "Hajiya Hajara, a ba mu albasa."

Ya fito da madubi daga akwatin, ya ajiye shi a kan turmi a bakin zaure, inda rana ke shigowa. Ya ɓare siririn tantanin albasa, ya shimfiɗa a gilashi, ya ɗiga maganin aidin, ya juya ya juya har ya daidaita. Sannan ya kama kan Yaya da hannu biyu ya kai idonsa bakin bututun.

Yaya ya daɗe a sunkuye. Ya sauya ido. Ya goge da bakin riga, ya sake komawa.

"Akwai haske," in ji shi. Ya ɗago, ya shafa jikin ƙarfen daga sama har ƙasa. "Ashe ɗan ƙarami ne. Mairo, zo ki duba mani."

Na sunkuya. Na ga ɗakuna a jere kamar tubalin gini, kowanne da layinsa a kewaye, kowanne da ɗan ɗigo guda a ciki. Ban taɓa ganin abu mai tsari haka ba, kuma haushi ya cika ni, don ba ni ya kamata in gani ba.

"Akwai ganuwar?"

"Akwai, Yaya. Kowace da tata."

"Cibiyar hwa?"

"Tana nan."

"Ja ce?"

Malam Ja'afaru ya dube ni, ya ɗan gyaɗa mini kai, na san abin da yake so in ce. Amma mutumin da ya je har Kano saboda wutsiyar zaki ba a yi masa haka.

"Ba ja ba ce, Yaya. Ruwan ƙasa ce."

Malam Ja'afaru ya fara bayanin cewa aidin ne ya ba ta kalar, ita kanta kusan ba ta da wata kala. Yaya bai saurare shi ba. Ya jingina da bango, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Da sun bar ni na leƙa ran nan, da na gyara ma yaran," in ji shi. "Akwai ruwan ƙasa cikin jakar."