Mutum Uku da Na Bari a Sama

Babana direban tanka ne. Ya fi shekara talatin yana ɗauko mai daga kudu yana kawowa arewa, kuma duk tsawon wannan lokacin ban san shi sosai ba. Na san ƙarar takalminsa a tsakar gida, na san warin gas da ba ya barin rigarsa ko an wanke, na san burodin da yake sayo mana a hanya. In ya dawo sai ya yi kwana biyu yana barci, a hana mu ko tari mai ƙarfi. Kafin mu saba da shi ya sake tafiya. Mamanmu ce gidan, ita muke kai wa ƙara, ita muke nuna wa sakamakon jarrabawa.

Lokacin da ta rasu ya riga ya ajiye tuƙi, gwiwa da hawan jini sun zaunar da shi. Yana nan a gidanmu na Sabon Gari, bayan layin masu walda, ƙanwarsa wadda muke kira Gwaggo tana dafa masa abinci. Ni kuma ina koyar da lissafi a wata sakandare a Samaru, ina zaune a Hanwa. Duk Lahadi in an taso daga coci sai in hau bas in je in gaishe shi. Ya jiki, ya makaranta, ya ɗalibai. Cikin minti biyar maganar ta ƙare. Daga nan sai mu zauna rediyo yana yi mana hira, har lokacin da zan iya cewa zan tafi ba tare da jin kunya ba.

A shekarar ne wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya saka mini wani wasa a kwamfutata. Ya ce ko za mu riƙa nuna wa yara a aji. Ba mu taɓa nuna musu ba, ni dai wasan ya kama. Ana ba ka wani makeken ɗakin ƙira da tarin sassa: tankunan mai, injina, fukafukai, tayoyi, kujerun matuƙa. Ka haɗa su yadda ka ga dama, ka kai filin harbawa, ka danna. Babu abokin gāba a ciki. Abin da ke yaƙarka nauyi ne, da iska, da ƙarancin mai. Rokata ta farko ko daga ƙasa ba ta tashi ba, ta durƙusa ta kama da wuta. Ta biyu ta tashi kamar abin arziki, sai ta sunkuya ta nufi teku. Na ɗauki makonni kafin in gane cewa zuwa sama jannati ba miƙewa sama kawai ba ne. Sai ka kwanta ka yi gudu a kaikaice, gudun da zai sa kana faɗowa amma ƙasa tana zamewa daga ƙarƙashinka. Na yi shekaru ina rubuta lissafin wannan a allo, ban taɓa jin sa a hannuna ba sai a lokacin.

Ranar da na yi nasarar sa kumbo ya fara kewaya duniya, da mutum uku a ciki, na tashi na yi rawa ni kaɗai a ɗaki. Sai da na zauna na lura ban bar musu ko ɗigon man dawowa ba. Ban damu ba. Na bar su can suna zagaye, na shiga ƙera wani abu dabam.

Wata Lahadi a tsakiyar damina na tafi da kwamfutar gidan Baba, saboda ina da makin jarrabawa da zan shigar, kuma an kwana biyu babu wuta a Hanwa. Da na gama, ruwa ya tsare ni, sai na buɗe wasan. Yana kishingiɗe a kujerarsa yana kallona ta gefen ido. Can ya nuna wani ɗan ɗigo da ke zagaya duniyar a kan taswira, ya tambaye ni mene ne. Na yi masa bayani. Ya tambayi ko da mutane a ciki, na ce uku. Ya tambayi tun yaushe, na duba na ce a lissafin wasan sun haura shekara.

“Kuma kika bar su?”

Na yi dariya na ce ai zane ne, Baba. Ya ce ya san zane ne, shi ba yaro ba ne. Amma duk wanda ya loda mota ya tura mutum, ya kamata ya san yadda mutumin zai dawo gida. Na ɗauka maganar ta wuce. Sai ya rage muryar rediyo, abin da ban taɓa gani ya yi saboda ni ba, ya ba ni labarin wata tafiya. Giyabos, wato akwatin giyar mota, ya lalace masa a cikin daji, nesa da kowane gari, tanka cike da fetur. Ya aika wa mai motar ta bakin wani direba, aka dawo masa da amsa cewa gobe makaniki zai zo. Goben nan ta zama kwana goma sha ɗaya. Ba ya iya barin motar, domin in aka fasa ta shi za a kama. Da rana yana fakewa a ƙarƙashinta, yana saran ganye yana jerawa a titi saboda masu tahowa. Wata tsohuwa daga wani ƙauye ce take kawo masa dafaffiyar doya, ba ta jin Hausa, shi ba ya jin yarenta.

Na tambaye shi wace shekara ce, ya ce shekarar da aka sake rufin cocinmu, gab da Ista. Nan take na gane. Makon baftismata ne. Ina da shekara goma sha uku, sanye da farar riga, ina ta waiwayen ƙofa. Ya yi alkawari zai zo. Da na tambayi Mama sai ta ce aiki ne ya riƙe shi, ba ta ƙara ko kalma ba. Na riƙe abin nan a raina fiye da shekara ashirin, har na gina wani hoton Baba a kansa, na mutumin da hanya ta fi masa gida daɗi. Na daɗe ina tunanin me ya sa ba wanda ya faɗa mini. Ina jin shi kunya ce ta hana shi, namiji da iyalinsa a yar da shi a daji kamar tsohuwar taya. Ita kuma Mama ba ta so mu san ana yi wa ubanmu haka. Kowannensu yana rufa wa ɗaya asiri, ni kuma na cike gurbin da abin da hankalin yarinya ya ba ni.

Ranar dai na ce masa to, za mu ɗauko su.

Niyyata in haɗa wata roka da kujeru uku babu kowa a kai. Da na nuna masa yadda roka take yar da tankunanta ɗaya bayan ɗaya in man ciki ya ƙare, sai ya ɓata fuska. Ya ce wane irin direba ne yake zubar da sassan motarsa a hanya? Shi abin da ya sani mota shi ne wanda zai je ya dawo da jikinsa. Yana yawan ganin ƙananan jiragen masu koyon tuƙi da ke tashi ta wajen Palladan suna shawagi a kan unguwa, ya ce irin wannan za mu yi, mai fukafukai, ya tashi daga titi ya sauka a titi. Na gaya masa wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ya ce ai Lahadi ba ta ƙarewa.

Haka muka shiga. A cikin mako ina gwaji ni kaɗai bayan na gama duba littattafan yara, ran Lahadi in kawo masa rahoto. Jirgin farko ya ƙi ɗaga hanci har titin ya ƙare. Wani ya tashi, amma injinan da ke shaƙar iska suka mutu tun kafin in kunna na roka. Na rage nauyi, na ƙara fiffike, na sake ragewa. Gwaggo takan leƙo ta ce yanzu kuma uba da 'ya sun zama masu kallon talabijin ɗin da babu mutane. Sai da muka kai wajen wata biyu kafin jirgin ya isa sama da sauran mai a cikinsa.

A cikin waɗannan makonnin ne na faɗa masa. Ina jan wani tanki a allon, ban kalle shi ba, na ce kwana goma sha ɗayan nan lokacin baftismata ne. Ya ce ya sani. Ya ce a ƙarƙashin motar ya ƙirga ranakun, ran Lahadin ya san ƙarfe nawa ake shiga coci. Ya ce har da farin takalmi ya sayo mini a tafiyar, da ya dawo ya ga ranar ta wuce sai ya kasa ba ni, ya ba Mama ta ajiye. Na tuna takalmin. An ba ni shi a Kirsimeti, ya matse ni.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “ki yi haƙuri.”

Na ce ya wuce, Baba. Muka koma kan tankin.

Matsalar da ta fi ba mu wahala ita ce dawowa. Jirgin yana tafiya lafiya, amma da zarar ya sake shigowa cikin iska sai ya juya wutsiya gaba, ya yi ta wulwulawa har ya tarwatse. Abin ya ɗaure mini kai, domin na san ƙa'idar. A ɗakin ƙira akwai alamomi biyu, rawaya mai nuna inda nauyin jirgi ya taru, da shuɗiya mai nuna inda iska ke tallafe shi. Dole rawaya ta kasance a gaban shuɗiya, kuma a nawa tana gaba. Na duba ya fi sau goma. Baba ya sa na maimaita masa faɗuwar sau uku, ya matso da fuskarsa kusa da allon. Sannan ya tambaye ni, lokacin da nake duba alamomin nan, jirgin cike yake ko wayam?

Cike yake. Ban taɓa duba shi babu mai ba.

Ya ce cikin tanka ba rami ɗaya ba ne, an raba shi gida uku, kuma direban da ya san aikinsa ba ya yarda a sauke masa ko wanne aka ga dama in yana da sauran tafiya. Motar da ka taso da ita da safe ba ita ce kake tuƙawa da yamma ba. Ya nuna injinan da na jibga a baya, ya ce waɗannan ba sa raguwa, man gaba kuwa yana ƙonewa, to ina nauyin zai koma? Na zuƙe man a ɗakin ƙira ina kallo, alamar rawaya ta ja da baya a hankali har ta wuce shuɗiyar. Ni da takardar digiri a lissafi. Kunya ta kama ni, wani daɗi kuma da ban san irinsa ba ya biyo bayanta. Muka kulle tankin gaba, muka sa jirgin ya fara shan na baya, abin da ya rage kuma a tura shi hanci kafin a shigo iska.

Isa wurin mutanen ma sai da muka yi gardama. A can sama in kana so ka cim ma wanda ke gabanka, rage gudu kake yi ka sauko ƙasa da shi, sai ka riga shi zagayowa. Baba ya ce wannan ƙarya ce, ba a taɓa kamo mota da birki ba. Da ya ga ɗigon yana matsowa sai ya kama haɓa, ya ce to, kowace hanya da dokarta.

Mun sauko da su wata Lahadi da la'asar, Gwaggo tana tuƙa tuwon masara a waje. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya suka shiga sabon jirgin. Da muka shigo iska allon ya yi ja, hancin ya ɗan yi rawa, amma ya tsaya. Baba yana riƙe da hannun kujerarsa, yana cewa a hankali, a hankali, kada ki danne shi. Ban samu titin ba. Na wuce shi da nisa na sauka a wani fili mai ciyawa, fiffike ɗaya ya daki ƙasa ya cire, jirgin ya yi kwana ya tsaya. Hotunan mutanen uku suna nan a ƙasan allon, da ransu. Ya saki numfashi, ya ce mota ta ji rauni amma mutane lafiya, wannan a wurin direba ba hatsari ba ne. Ya ƙwala wa Gwaggo kira ya ce a ƙara masa tuwo.

Sau ɗaya ya taɓa karɓar tuƙin da kansa. Yatsunsa sun yi wa maɓallan girma, jirgin ya kauce daga titi tun bai tashi ba. Ya miƙo mini kwamfutar ya ce abin babu nauyi a hannu, shi da bayansa yake jin mota, ba da ido ba. Ya ce in riƙa tuƙi, shi zai tsaya a lodi.

Yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani, allon ya zama masa hazo, sai dai in riƙa faɗa masa abin da ke faruwa. Likita ya ce za a yi aikin in hawan jinin ya daidaita. Kafin nan muna ƙera wata mota da za ta yi yawo a duniyar wata, ta kai mai daga wannan sansani zuwa wancan. Shi yana so a sa mata taya goma sha huɗu. Na ce shida sun isa, a can komai ba shi da nauyi sosai. Ya ce bai yarda da hanyar da bai taɓa bi ba. Har yanzu ba mu daidaita ba.