A-kori-kurar Baba da Kunnen Yaya Bello

Ranar wata Alhamis ce, lokacin cirar albasa, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Ina zaune kan buhuna a bayan a-kori-kurar Baba, mun baro Aliero mun nufi Jega, sai motar nan ta kama rawa. Yaya Bello ne ke tuƙi, Baba na gefensa. Da zarar ya taka totur sai ta hau karkarwa, haƙorana na haɗuwa, buhuna na zamewa ƙarƙashina. Ya ɗaga ƙafa sai ta yi lum kamar ba ita ba. Kafin mu kai gari buhu ya sulale ya fashe a kan kwalta, albasa ta watse, wata babbar mota ta bi ta kai ta markaɗe. Na ji Baba ya daka tsawa, Yaya ya gangara gefen hanya ya tsaya.

Motar nan ita ce ƙafar gidanmu. Ita ke kai taki da injin ban ruwa fadama, ita ke kwaso albasa zuwa rumbu, ita ke ɗaukar Inna da maƙwabta in ana suna a Alelu. Ni aikina wanke ta kowace safiya kafin in tafi makaranta, kuma wallahi na fi son wannan da kiwon awaki, don in na gama nakan ɗare kujera in riƙe sitiyari ina ƙugi da baki, yaran unguwa suna layi a waje suna roƙona in ɗauke su zuwa Makka. Yaya Bello kuwa, ɗan fari, saurayi ne mai shiru, shi Baba ya damƙa wa makulli. Baba mutum ne mai zuciya. In ransa ya ɓaci ba ya tambaya, hannunsa ke fara magana.

Da muka koma gida da yamma, wani maƙwabci ya tsegunta wa Baba wai ya taɓa ganin Yaya yana tsere da samari a hanyar Maiyama. Shi ke nan. Baba ya zaro tsohon fambel daga bayan kujera ya rufe Yaya da duka a tsakar gida, gaban kowa. "Kai ka kashe min mota! Ɗan banza, kai ka kashe ta!" Yaya bai gudu ba, hannu kawai ya sa yana kare fuska, rigarsa ta tsage, bayansa ya yi rudu-rudu, jini na tsattsafowa. Inna ta fito da muciya a hannu tana salati. Ni na ruga na rungume ƙafar Baba, ya yi wurgi da ni na bugi turmi, leɓena ya fashe. Sai ya yar da fambel ya ɗauke Yaya da mari a kunnen hagu, marin da har awaki suka firgita a turke. Yaya ya durƙusa, jini na gangarowa ta wuyansa. Washegari ya ɗaure kayansa ya tafi Liba wurin kawunmu.

Baba ya canza tayu, ta ci gaba da rawa. Ya sa aka wanke kafireto, aka sa sababbin fulogi, duk a banza. Daga ƙarshe muka kai ta wurin wani bakanike a Jega Firchin, Malam Nomau. Ya ɗage ta da jak, ya shige ƙasa, ya kama furofela, dogon ƙarfen nan da ke juya tayun baya, ya girgiza. Tana ta ƙwal-ƙwal, gaɓarta ta cinye. Ya leƙo yana share hannu ya ce, "Alhaji, wa ya ƙara ma wagga mota sifirin?" Baba ya ce shi ne. Kafin kaka ya sa an ƙara ganyen sifirin a baya, yadda manoman albasa ke yi don mota ta ɗauki lodi fiye da ƙarfinta. Nomau ya ce to wannan ya ɗaga bayanta, furofela ta karkace, duk taka totur sai ta ci gaɓar. Ko wa ke tuƙi, haka za ta yi. Aka cire ƙarin, aka sa sabuwar gaɓa, mota ta miƙe sumul. Da muka fito gari, maimakon gida sai na ga Baba ya ɗauki hanyar Liba.

Mun iske Yaya a gindin ɗorawa yana gyaran fartanya. Ya tashi ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya tsaya ta hagunsa, ya miƙa makulli, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Tashi ka tuƙa mu gida." Yaya ya juyo da ɗaya gefen fuskarsa ya ce, "Baba, zagayo nan ka faɗi. Wanga kunne ba ya ji tun rannan." Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya tsaya cak a inda yake, makulli na hannunsa. Ni kam kuka na fashe da shi, don tausayinsu su biyun ya kama ni. Ni da Baba kaɗai muka dawo Aliero.

Yaya bai sake zama gidanmu ba. A Liba ya yi aure, can yake noma, yakan zo sallah ya gaida Baba ya koma a ranar. Yanzu Baba ya rasu, hanyar ta cika da manyan motocin albasa, kuma in tawa motar ta yi tari na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya. Nakan tuna gidan nan lokacin da muke cin tuwo kwano ɗaya, mu uku, in ji kewa ta cika min ƙirji. Gyaran motar wuni guda ya ɗauka, na Yaya kuwa har yau ba a samu ba.