Silin Aji Uku da Littafin Baba Yohanna

Shekara takwas ke nan da aka binne Baba Yohanna kafinta a bayan majami'arsu, can kusa da layin dogo a Kafanchan. Na san takwas ba adadin da ake yi wa taro ba ne, mutane sun fi son biyar ko goma. To amma ni tsohon malamin lissafi ne, na san goma ba ta fi takwas gaskiya ba. Kuma mai shekaruna ba ya yi wa goma alkawari.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Yohanna shi ne kafintan makarantar firamaren da na yi wa hedimasta, wata 'yar makaranta mai aji shida a bayan gari, inda 'ya'yan manoma da 'ya'yan Fulanin ruga suke zama a kan benci ɗaya. Kafin ya zo mana ya daɗe yana aiki a loko, wurin gyaran kawunan jirgin ƙasa. Daga can ya taho da abu uku: agogon aljihu, da ɗan tarin da ba ya rabuwa da shi, da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta duk aikin da hannunsa ya taɓa. Ko ƙusa ɗaya ya buga sai ta shiga littafin. In na yi masa tsiya a kan haka yakan ce, "A reluwe, Malam, abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba."

Hausarsa ta kasuwa ce da ta majami'a, ba ruwanta da mace ko namiji. A bakinsa takarda "ya zo", mota "ya tafi". Na yi shekaru ina gyara masa magana, shi yana gyara mini ƙofar ofis. Ƙofar dai ta gyaru.

Ajujuwanmu duk silin ɗinsu na asbesto ne, wato farin faifan nan mai kama da siminti da aka yi yayinsa lokacin da ake gina makarantu kamar ana tsere. Na aji uku ya fi lalacewa, don kwanon rufin yana yoyo, faifan yana jiƙa yana tsagewa yana faɗowa. Mu kuma a lokacin littafin rubutu ya yi tsada, alli sai an yi sa'a. Baba Yohanna ne ya gano cewa faifan da ya faɗo ba shara ba ne. Sai ya sa zarto ya yayyanka shi daidai cinyar yaro, ya goge gefen da magagari don kada ya yanki hannu, ya shafe shi da baƙin tsohon batir. Ga allo. Gutsattsarin da suka rage kuwa, ashe suna rubutu kamar alli. 'Yan aji ɗaya suka samu allo kowa da nasa, su rubuta, su tofa yawu su goge da tafin hannu, su sake rubutawa.

A ƙarƙashin mangwaron bayan ofishina yake wannan aiki. Farin gari ya rufe masa gemu da gira, har nakan ce masa, "Baba Yohanna, yau kuma niƙa ka kai?" Ya yi dariya, ya yi tari, ya ce, "Tuwon ilimi ne, Hedimasta, kai ne za ka fara ci." Wani mai duba makarantu da ya zo ya ga allunan ya yaba ƙwarai, ya rubuta cewa shugaban makarantar mutum ne mai dabara. Ban gyara masa ba. Wannan ita ce jimla ta farko a rayuwata da na ga kuskure a ciki na bar ta.

A shekarar 1987, wajen tsakiyar damina, wani fom ya zo daga ofishin ilimi. Irin wanda ake cikewa kwafi uku da takardar kabon, a kan gine-ginen makaranta. Yawancinsa tambayoyin da muka saba ne, amma akwai sabon layi a ƙasa: shin akwai asbesto a ginin? In akwai, a wane ɗaki, wane hali yake ciki, kuma ana yanka shi ko huda shi? Ƙarƙashin wannan, da ƙananan haruffa, aka yi bayani cewa garinsa yana shiga huhu ba ya fita, kuma cutarsa takan yi shekaru kafin ta nuna kanta. Aka ce a ajiye kwafi ɗaya a makaranta, a sanar da ma'aikata da iyayen yara.

Na karanta. Ina so wannan ya shiga rubuce, don shekaru na yi ina gaya wa kaina wai idona ne ya tsallake ƙananan haruffan. Ni da nake gano ɗigon da yaro ya manta daga ƙarshen aji. Na karanta shi sau biyu, ina jin ƙarar zarto ta taga.

Mu hedimastocin wancan zamani muna da wata al'ada da ba a koyarwa a kwalejin horon malamai. Duk tambayar da fom ya yi wadda ba a saba da ita ba, amsarta "babu". Tsofaffinmu a aikin suka koya mana: wanda ya rubuta "babu" ya gama aikinsa, wanda ya rubuta "akwai" ya gayyato baƙi. "Akwai" tana haifar da wasiƙa, wasiƙa ta haifi kwamiti, kwamiti ya rufe maka aji ya tafi, ya bar ka da yara a gindin bishiya ruwa yana dukansu. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai an san wanda ruwan kan doka.

Kuma ina da hujja mai kyau, irin wadda ake iya faɗa a gaban jama'a. Duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san rikicin addinin da garin ya gani a farkon waccan shekarar. Da ƙyar muka shawo kan iyaye, na majami'a da na masallaci, suka mayar da yaransu aji ɗaya. Na ce wa kaina in aka rufe gini yanzu yaran nan za su watse, ba kuwa za su sake haɗuwa ba. Wannan gaskiya ce, amma rabinta ce. Ɗaya rabin shi ne sunana yana cikin waɗanda ake duba wa ƙarin girma zuwa babbar makaranta a cikin gari, kuma mutumin da aka rubuta cewa mai dabara ne ba ya so a gano dabarar guba ce.

Ina riƙe da biro Baba Yohanna ya leƙo, gemunsa fari fat.

"Hedimasta, na ga takarda ya zo. Na aikina ne?"

Turancinsa bai wuce na sunayen kayan aiki ba. Da na miƙa masa fom ɗin ma ba zai kai ga ƙananan haruffan ba.

Na ce, "A'a, Baba. Ƙidayar kujeru ce."

"Yauwa. To bari in ƙirga maka, kada ka rubuta musu ƙarya."

Ya fita. Ni kuma na rubuta "babu" a layin, da rubutun nan nawa mai kyau da ake sa yara su kwaikwaya, na danna sosai don ya fito a kwafi na uku. Washegari ya kawo mini 'yar takarda, ya ware kujeru masu lafiya daban, masu karyayyar ƙafa daban. Na yi masa godiya.

Ban hana shi yanka faifan ba, don in na hana sai na faɗi dalili. Iyakar abin da na yi, na ce ya matsa da aikinsa can gindin ɗorawa, wai ƙarar tana damuna. Na nisanta garin faifan daga tagata. Ƙarin girman ya zo a shekarar da ta biyo baya, na koma cikin gari. Shi kuwa ya ci gaba da yi wa kowane sabon aji ɗaya alluna har ƙarfinsa ya ƙare.

Da numfashi ya fara gagararsa na je duba shi a asibiti. Matarsa, Mama Rifkatu, ta ce likita ya tambaye su ko ya yi aiki cikin ƙura, don huhun ya taurare. A nan dole in yi adalci ko da a kan kaina ne: ban sani ba ko zarton makarantarmu ne ya kashe shi ko shekarunsa na loko, inda aka ce da irin wannan abin ake naɗe tukunyar jirgi. Mai yiwuwa ya zo mana da ajalinsa a ƙirji. Na daɗe ina fakewa a bayan wannan "mai yiwuwa", inuwa ce mai sanyi. Sai dai tambayar da fom ya yi mini ba ita ce wa zai mutu ba. An tambaye ni akwai ko babu. A bakin gadonsa ya kama hannuna ya ce, "Malam, a gyara kwanon aji uku kafin ruwa." Na ce to. A nan ma ban faɗa masa ba.

Bayan an yi jana'iza Mama Rifkatu ta ba ni littafin mai baƙin bango, ta ce, "Kai ne mai karatu, wurinka ya dace." Na sa shi a ƙasan akwati. Sai a bana, da na yi ritaya ina neman wasu takardu, na buɗe shi. Komai yana ciki: kowane faifai da ya faɗo, daga wane aji, allo nawa ya fita daga cikinsa, wace shekara. Duk abin da gwamnati ta nema a wurina, kafinta ya riga ya rubuta shi tsaf da fensir. A cikin daminar 1987 kuma na ga wannan layi: "Takarda ya zo daga ofis. Hedimasta ya ce na kujera ne. Na ƙirga na kai masa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji mutane. Tawa ba a kama ta ba. Rubuta ta aka yi, cikin yarda, a matsayin gaskiya.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Jirgin da yake saita agogonsa da shi yanzu zuwansa sai an yi addu'a. 'Yan acaɓa sun cika tashar da dā ake jin usur. Fom ɗin makarantu ya yi kauri, shafi ya ninka shafi, na kuma tabbata "babu" tana nan da ranta a cikinsa, don na horar da mataimaka da yawa, na san abin da suka gani a hannuna. Ina jin ba zai yi dogon sharhi ba. Zai ɗaga kai ya dubi silin, ya laluba aljihu ya ciro fensir.

Watan jiya na shiga mota zuwa wajen Kachia, inda Mama Rifkatu ta koma wurin 'yan'uwanta. Na same ta tana fere citta tana shanyawa a kan tabarma. Muka gaisa, na tambayi jikoki, ta tambayi iyali, har gaisuwa ta ƙare ba sauran wurin ɓuya. Na gaya mata komai. Wuƙar ba ta tsaya a hannunta ba sai da na kai ƙarshe.

Na ce, "Mama, wataƙila ko da na faɗa masa ba zai bari ba."

Ta ce, "Ba zai bari ba, kai ma ka san taurin kansa. Amma da ya ɗaura ƙyalle a hanci. Kuma da bai kawo wa Ladi allo ɗaya gida ba."

Ladi jikarsu ce. Da allon kakanta ta koyi rubuta sunanta, har kwana take yi da shi a jiki don ƙauna. Wannan ban sani ba sai ranar.

Na ce ta yafe mini. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Gafara na Ubangiji ne, Malam, ni dai na ji. Shi ya tafi ya huta. Yaran da suna zaune a wurin fa, su wa ya gaya musu?"

Don haka na koma makarantar. An yi mata fenti, an kafa sabon allon suna a bakin hanya. Bencunan Baba Yohanna suna nan, ko girgiza ba sa yi. Silin aji uku ma yana nan, a tsage, da farin gari a kan taga wanda yara suke sharewa kowace safiya. Na zauna da sabuwar shugabar, wadda ta taɓa zama ɗalibata, na buɗe mata littafin shafi bayan shafi. Ta ce, "Baba, ka san abin da wannan zai jawo mini?" Na ce na sani, ni ne ma na fi kowa sani. Sai ta aika aka fito da 'yan aji uku zuwa gindin mangwaro, ta kulle ajin. Mun rubuta wa ofis wasiƙa, sunana a sama da nata. Ranar taron iyaye ni zan tashi in yi bayani, da Hausa, ba da ƙananan haruffa ba.

Wannan ba zai cire ko ƙwayar gari ɗaya daga ƙirjin kowa ba. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi shekara goma sha biyu tana bin bayana. Amma in kai ka yi aji ɗaya a makarantar nan a waɗancan shekaru, ka koyi baƙaƙe a kan farin faifai mai baƙin batir, to in tari ya daɗe maka ka gaya wa likita da me ka yi wasa. In allon yana gidanku har yanzu, kada a fasa shi, kada a goge shi, a naɗe shi a kawar da shi daga hannun yara.

Me ya rage na Baba Yohanna? Bencunan da ba su karye ba, da ɗaruruwan mutanen da suka iya rubuta sunansu, da littafin da bai yi ƙarya ba sai sau ɗaya, ita ma ba tasa ba ce. Jiya na ɗauki fensir na je ƙarƙashin layin nan, inda ya bar ɗan fili. Ni da na yi shekaru ina gyara masa magana, na bar tasa yadda take, na gyara tawa. Na rubuta: "Ba ta kujera ba ce. An tambayi ko akwai asbesto. Akwai." Na sa hannu.